Gano Ƙwayoyin Bairos Masu Sa Amai da Zawo da Bin Diddiginsu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga ma'aikatan asibitocin matakin farko, da ɗaliban kimiyyar gwaje-gwaje, da jami'an sa ido kan cututtuka, da masu kula da makarantun kwana, har da iyayen da aka ce su kawo bayan gidan yaro a gwada. An fara da na sama-sama, sannan aka gangara zuwa aikin ɗakin gwaji da na cikin unguwa.

1. Waɗanne ƙwayoyin bairos ne ke kawo amai da zawo?

Biyar ne suka fi shahara. Rotabairos ita ce ke kwantar da jarirai da ƙananan yara, musamman daga wata 6 zuwa shekara 2. Norobairos ba ta bar babba ba balle yaro, ita ce mai kwashe makarantar kwana ko mahalarta biki cikin kwana biyu. Sai adenobairos mai lamba 40 da 41, da astrobairos, da safobairos, waɗanda suka fi taɓa yara.

Ba a daɗe da saninsu ba. A 1968 amai ya ɓarke a wata makarantar firamare a garin Norwalk na jihar Ohio a Amurka, sai a 1972 Albert Kapikian ya hango ƙwayar a samfurin da aka ajiye, daga sunan garin kuma aka samo "noro". A 1973 Ruth Bishop da abokan aikinta a Melbon ta Ostareliya suka gano rotabairos a hanjin yara masu zawo, aka sa mata wannan suna saboda siffarta kamar ƙafar keke, abin da "rota" ke nufi da Latin. Safobairos daga birnin Sapporo na Japan ta samo suna.

Abu ɗaya ya haɗa su, kuma shi ne tushen wahalarsu: ba su da rigar kitse irin ta ƙwayar korona ko ta mura. Shi ya sa suke jure zafi da bushewa da ruwan cikin mutum, suke daɗewa a kan fo da ƙyauren banɗaki, man goge hannu mai sinadarin alkohol kuma bai cika kashe su ba. Duba amsa ta 18.

2. In an ce "amai da gudawa" ai kwalara ake nufi. Ina bambancin?

A bakin 'yan jarida haka ne, amma kwalara bakteriya ce, ba bairos ba. Ta fi ƙarfi da damina, lokacin da ruwa ke kwashe ƙazanta ya zuba a rijiyoyi, zawonta kamar ruwan wankin shinkafa, tana iya kashe ƙato cikin sa'o'i. Rotabairos kuwa a ƙasashen Sahel da hunturu take tashe, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, kuma yara ƙanana take bi. In akwai jini da majina a bahaya, wato atini, hankali ya fi komawa kan bakteriyar Shigella ko amiba.

A aikace, duk wanda ya kai shekara 2 ko fiye, ya zo da zawon ruwa-ruwa da ƙarewar ruwan jiki mai tsanani, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ake zargin kwalara har sai gwaji ya wanke shi. Kada neman bairos ya sa a jinkirta wannan. Samfurin kwalara ma daban ake ajiye shi, a cikin sinadarin Cary-Blair, ba a kuma daskarar da shi.

3. Ba za a iya gane wace ce daga alamomi kawai ba?

A kan mutum ɗaya, ba za a iya ba. Akwai dai abin da ya fi yawa. Rotabairos kan ɗauki kamar kwana 2 kafin ta bayyana, ta fara da zazzaɓi da amai, zawo ya biyo baya na kwana 3 zuwa 8. Norobairos kan fito cikin awa 12 zuwa 48, amai ya zo farat ɗaya, ta wuce cikin kwana 1 zuwa 3. Zawon adenobairos ya fi jan lokaci, yakan haura mako. Amma duk suna shiga gonar juna, kuma yaro ɗaya kan ɗauki biyu a lokaci guda. Abin da iyaye ke kira zawon haƙori sau da yawa ɗaya daga cikin waɗannan ne, domin watannin fitar haƙori su ne watannin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, kariyar da ya gada daga uwa kuma tana raguwa.

A kan taron jama'a kuwa alamomi na magana. Akwai ma'auni huɗu na Kaplan, na 1982, da ake amfani da su inda babu ɗakin gwaji: fiye da rabin marasa lafiyar sun yi amai, tsaka-tsakin lokacin bayyanar cutar awa 24 zuwa 48, tsaka-tsakin daɗewarta awa 12 zuwa 60, kuma ba a samu bakteriya a bahaya ba. In duka huɗun suka cika, da wuya a ce ba norobairos ba ce. In ba su cika ba, wannan bai wanke ta ba.

4. Tunda magani ɗaya ne, mene ne amfanin gwajin?

Gaskiya ne babu maganin da ke kashe waɗannan ƙwayoyi. Abin da ke ceton rai shi ne maye ruwan da ya fita: ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 (miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba), a ci gaba da shayarwa, a yi ƙarin ruwa ta jijiya in maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, yaro ya kasa sha. Ba a jiran sakamako kafin a fara.

Amfanin gwajin ya fi komawa kan jama'a. Da shi ake sanin kashi nawa na yaran da ke kwanciya rotabairos ce ta kawo su, ake auna ko riga-kafi na aiki, ake gane ko marasa lafiya goma na unguwa tushensu ɗaya. A cikin asibiti yana taimakawa a ware gadon yaro kada ya shafa wa na kusa da shi, yana kuma ba likita hujjar hana Flagyl da sauran magungunan kashe bakteriya da ake ɗura wa yara daga kemis, waɗanda ba sa taɓa bairos ko kaɗan.

5. Yaya ake ɗaukar samfurin bahaya yadda ya kamata?

Yawancin sakamakon banza a nan ake ɓata shi, tun kafin ya isa lab, wato ɗakin gwaji. Ana so a samu bahayan kansa, mililita 5 zuwa 10, wato cokalin shayi ɗaya zuwa biyu, a robar samfur busasshiya mai murfin murɗawa. Kada ya haɗu da fitsari, ko ƙasa, ko ruwan buta, ko fo da aka wanke da bilic ba a ɗauraye ba. Kada a zuba masa fomalin ko wani sinadarin adanawa na gwajin tsutsar ciki. Audugar da ake sakawa ta dubura ba ta ɗebo abin kirki don gwajin rotabairos, sai in babu yadda za a yi.

Jariri mai famfas shi ne matsala, domin famfas ɗin kan shanye zawon tas. Dabarar ita ce a juya shi, ɓangaren leda ya koma ciki, ko a shimfiɗa leda mai tsabta a ciki, da ya yi a kwashe da cokalin da ke maƙale a murfin robar.

Lokaci ma na da muhimmanci. Ƙwayar ta fi yawa a kwana 2 zuwa 3 na farkon ciwo. Ga yaron da aka kwantar, a ɗauka cikin awa 48 da shigarsa asibiti, in ya wuce haka ba za a san ko da ita ya zo ko a ɗakin ya kwasa ba. A jikin robar, ba a murfi ba, a rubuta suna ko lamba, shekaru, ranar fara ciwo da ranar ɗauka. Murfi kan musanya. In ana zargin norobairos, amai ma ana karɓarsa.

6. Yaya ake ajiyewa da aikawa, ga matsalar wuta?

In za a gwada cikin kwanaki, firji mai sanyin digiri 4 zuwa 8 ya wadatar, kuma samfurin rotabairos kan kai wata guda a haka. In zai daɗe, sai firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye. Abin da ke lalata samfur ba rashin daskarewa ba ne, daskarewa da narkewa ne a kai a kai. Kowane zagaye yana farfasa ƙwayar. Saboda haka inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, firji mai sola da ke riƙe sanyi daidai ya fi firizar da ke narkewa kowane dare. Tun farko a raba samfurin gida biyu ko uku a ƙananan robobi, ta yadda in an buɗe ɗaya ba a taɓa sauran ba. Kada a haɗa shi firji ɗaya da alluran riga-kafi ko abinci.

Wajen aikawa, kwano uku ake yi: robar samfur a naɗe da auduga, a saka ta cikin wata roba ko leda mai zif da ba ta yoyo, sannan cikin kula mai ƙanƙarar roba. Takardar bayani a ledarta daban. A sanar da lab kafin mota ta tashi, kuma a guji aika samfur ranar Juma'a da yamma in ba a tabbatar akwai mai karɓa ba.

7. Gwajin gaggawa na tsinke abin dogaro ne?

Ga rotabairos da adenobairos, yana aiki gwargwado. Ana dama ɗan bahaya a ruwan da ya zo cikin kwalin, a ɗiga adadin da takarda ta ce, a karanta cikin minti 10 zuwa 15. Layi biyu, akwai. Layi ɗaya a wajen C, babu. In layin C bai fito ba, gwajin ya lalace ko da ɗayan ya fito. Kurakuran da aka fi yi su ne cika bahaya har ya toshe takardar, karantawa bayan rabin awa lokacin da layin ƙarya kan fito, da ajiye kwalin a ɗakin da zafinsa ya haura digiri 30, abin da ba baƙo ba ne a watan Afrilu. Ga jariran da ba su kai wata ɗaya ba yakan nuna akwai alhali babu.

Ga norobairos kuwa rauninsa a fili yake, domin nau'o'inta sun yi yawa: yakan kasa ganin kashi ɗaya cikin huɗu har zuwa rabin masu ɗauke da ita. In ya ce akwai, a yarda. In ya ce babu, a tura PCR, gwajin sinadarin gadon ƙwayar da aka bayyana a amsa ta 9.

8. Mene ne ELISA, me ya sa ake fifita shi wajen sa ido kan rotabairos?

Gwaji ne da ke kama wani furotin na jikin ƙwayar mai suna VP6, a faranti mai ramuka 96, cikin kamar awa biyu. Ramin da ke da ƙwayar yakan canza launi, na'ura ta auna. An fifita shi don yana da arha, yana ɗaukar samfura da yawa a tashi ɗaya, kuma ba ya kamawa sai ƙwayar ta yi yawa. Wannan a nan alheri ne: yaron da rotabairos ta kwantar yana fitar da biliyoyi a kowane giram, don haka in ELISA ya kama, kusan tabbas ita ce ta sa zawon. Inda aka fi yin kuskure shi ne wankin faranti. In ba a wanke ramuka sosai ba, launi kan tashi ko'ina, a yi zaton annoba ce.

9. Yaya gwajin PCR yake, daki-daki?

Ana ɗibar bahaya kamar ƙwayar wake, a dama a ruwan gishirin lab ya zama kashi 10 cikin 100, a juya a na'urar tacewa, a ɗebi ruwan sama. Daga ciki ake ciro sinadarin gadon ƙwayar. Huɗu daga cikin biyar ɗin RNA gare su, sai an fara mayar da shi DNA. Adenobairos kaɗai ce mai DNA tun asali. RNA ɗin rotabairos kuma tufka biyu ne, sai an dafa shi a wajen digiri 95 na 'yan mintoci ya warware, wanda ya tsallake wannan mataki zai yi ta samun "babu". Daga nan na'ura ke kwafar wani ɗan yanki tana ninkawa, zagaye 40 zuwa 45, haske na ƙaruwa in akwai abin da ake nema.

Bahaya na ɗauke da abubuwan da ke shaƙe PCR, irin su gishirin matsarmama da ragowar tsirrai. Don haka ake jefa wata ƙwaya marar cutarwa, irin MS2, cikin kowane samfur tun kafin cirowa. In ita ba ta fito ba, "babu" ɗin ba shi da daraja, sai a sirka samfurin ninki 10 a sake. A ɗaya gefen kuma, PCR na da kaifin da ɗigon da ya fantsama daga wani bututu zai iya ba da sakamakon ƙarya, shi ya sa ɗakin haɗa sinadarai daban yake da na buɗe samfur, kuma ba a komawa baya da riga ko safar hannu ɗaya.

Akwai na'urori masu gwada cututtuka da yawa a lokaci guda, kamar BioFire mai neman ƙwayoyi 22 cikin kimanin awa ɗaya. Suna da tsada, kuma sau da yawa sukan fito da ƙwaya biyu ko uku a yaro ɗaya, abin da ya kai mu ga tambaya ta gaba.

10. PCR ya ce akwai. Shi ke nan ita ce ta kawo ciwon?

Ba lallai ba. Norobairos kan ci gaba da fita a bahaya makonni bayan an warke, kuma yara da yawa masu ƙoshin lafiya na ɗauke da ita. Abin dubawa shi ne lambar Ct, wato zagayen da haske ya bayyana. Ƙaramar lamba na nufin ƙwaya mai yawa, kuma kowane bambancin zagaye 3.3 ninki goma ne. Samfur mai Ct 17 ya fi mai Ct 37 yawan ƙwaya wajen ninki miliyan. Na farkon ciwo ne a tsaye, na biyun wataƙila ragowar na watan jiya ne. Ba a kwatanta Ct na lab biyu kai-tsaye in hanyoyinsu sun bambanta.

Babban binciken GEMS kan zawon yara, wanda aka yi a wurare bakwai har da Bamako ta Mali da Basse ta Gambiya, ya magance wannan ne ta hanyar gwada yaro mai zawo tare da sa'ansa mai lafiya na unguwa ɗaya. Sakamakon 2013 ya sa rotabairos a gaba ga jarirai. Da aka sake auna samfuran da PCR mai ƙidaya a 2016, sai adenobairos 40 da 41 ta fito cikin manyan shida, bayan an daɗe ana raina ta.

11. Yaro na ta zawo amma sakamako ya ce babu. Me ya faru?

Ko an makara wajen ɗauka, ko famfas ya shanye samfurin, ko ya sha rana a hanya, ko an shaƙe PCR, ko kuma abin da aka nema ba shi ba ne. Gwajin rotabairos ba ya ganin norobairos, dukansu kuma ba sa ganin Cryptosporidium, wata ƙwayar hanji da ba bairos ba, ko bakteriya. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa ma kan zo da zawo. A bi amsoshi na 5, 6 da 9 ɗaya bayan ɗaya kafin a zargi kwalin gwaji.

12. Me ake nufi da G1P[8] ko GII.4 da ake gani a rahoto?

Sunan zuriya ne. Rotabairos na da sinadarin gado gutsure 11. Biyu daga ciki ke ƙera furotin na bayanta, VP7 mai ba da lambar G da VP4 mai ba da lambar P. G1P[8], G2P[4], G3P[8], G4P[8], G9P[8] da G12P[8] su ne suka fi yawo a duniya, amma a Afirka ana yawan samun masu P[6] da G8 fiye da sauran nahiyoyi. In ƙwaya biyu suka haɗu a hanji ɗaya sukan yi musayar gutsure, har da na dabbobi, sabuwa ta fito.

Norobairos ta mutane galibi daga gida biyu take, GI da GII. Zuriyar GII.4 ta daɗe tana mulki, tana sake kama duk bayan 'yan shekaru, kamar samfurin Sydney na 2012. GII.17 ta yi tashe a gabashin Asiya a 2014 da 2015, ta sake ɗagowa a Turai da Amurka a wajen 2023 da 2024. Yanzu wuri biyu ake karantawa a sinadarin gadon norobairos, domin takan yi aure da 'yar uwarta daidai mahaɗar sassan biyu, wanda ya karanta ɗaya rabin suna ya samu. Amfanin duk wannan a bin sawu shi ne: in jerin haruffan sinadarin gadon ƙwayar marasa lafiya biyar ya zo iri ɗaya sak, tushensu ɗaya. Rumbunan CaliciNet na Amurka da NoroNet da ake gudanarwa daga Holan aikinsu ke nan, kwatanta jerin wannan gari da na wancan.

13. Yaya ƙasa ke sa ido kan rotabairos ba tare da gwada kowane yaro ba?

Ana zaɓar wasu manyan asibitoci su zama 'yan tsaron ƙofa. Duk yaro ƙasa da shekara 5 da aka kwantar saboda zawon ruwa, sau 3 ko fiye a awa 24, bai kai kwana 14 ba, babu jini, ana cike masa fom, a duba katin riga-kafinsa, a ɗauki bahaya, a yi ELISA. Wani kaso na samfuran ake turawa manyan ɗakunan gwaji na yanki don tantance zuriya da duba ingancin aiki. Cibiyar Noguchi da ke Akara a Gana na cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗe wannan tsari a 2008.

Da irin waɗannan alkaluma aka ƙiyasta cewa a 2013 rotabairos ta kashe yara kimanin 215,000, kusan rabinsu a ƙasashe huɗu: Indiya, Najeriya, Pakistan da Kwango Kinshasa. Sharaɗin tsarin shi ne a yi shi wata 12 cur, ba tsallake. Asibitin da ya tara samfur da hunturu kaɗai zai kumbura adadin, wanda ya tara da damina kaɗai zai rage shi. Kuma yaran da suka rasu a ƙauye ba su kai asibiti ba, ba sa cikin lissafin.

14. Amai ya ɓarke a makarantar kwana ko sansani ko bayan biki. Daga ina za a fara?

A fara da ORS da ware marasa lafiya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda zai kai ga jiha da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Najeriya. A Nijar ta gundumar lafiya ake bi. Sai a buɗe jadawali, kowane mara lafiya layi ɗaya: shekaru, ɗakin kwana, abin da ya ci cikin kwana uku, alamomi, da ranar da awar da ya fara. Awar ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma mafi amfani. In aka zana adadin bisa lokaci, tudu ɗaya mai tsini na nuna abinci ko ruwa ɗaya, tuddai bi da bi masu tazarar kwana ɗaya zuwa biyu na nuna hannu-da-hannu. Wanda ya fara amai cikin awa 1 zuwa 6 da cin abinci, gubar bakteriya ce a abincin da ya kwana, ba bairos ba.

A tambayi masu lafiya ma, ba marasa lafiya kaɗai ba. A misali, a ce mutum 60 sun sha zoɓo 42 suka kwanta, kashi 70 ke nan. 40 ba su sha ba 4 suka kwanta, kashi 10. Ninki bakwai. Sai a tambayi wa ya haɗa zoɓon, da wane ruwa, ƙanƙarar daga ina, kuma ko mai haɗawar ko ɗanta ya yi zawo a makon. A ɗauki samfur daga aƙalla mutum 5 da ke cikin kwanakin farko. Biyu masu norobairos sun isa tabbatarwa.

15. Da gaske ana gano cutar gari daga ruwan kwata?

Ana yi, kuma arewacin Najeriya ya daɗe a ciki. A 2011 aka fara ɗibar ruwan magudanai a Kano don neman ƙwayar shan inna, Sakkwato ta biyo a 2012. Shan inna ba zawo take sawa ba, amma a hanji take zama, ta bahaya take fita, kuma yawancin masu ɗauke da ita ba sa nuna komai. Kwata kan tona abin da asibiti bai gani ba.

Ana zaɓar magudanar da ke kwashe ƙazantar mutum dubu 100 zuwa 300. Da safe, lokacin da aka fi shiga banɗaki, a jefa bokiti mai igiya tsakiyar ruwa mai gudu, a cika jarka lita ɗaya, a sa a kula, ta isa lab cikin awa 48. Ɗakunan gwajin shan inna na ƙasa suna Ibadan da Maiduguri. A can ake haɗa rabin lita da sinadaran dextran da PEG, ya kwana a sanyi ya rabu biyu, ƙwayoyin su taru a 'yan mililitoci. Wannan tataccen ruwa ɗaya ana iya neman norobairos, rotabairos, da ƙwayoyin ciwon hanta na A da E masu sa shawara a cikinsa.

16. Ina raunin gwajin kwata?

Ba ya faɗin wane ne, ko mutum nawa. Gidan da ke amfani da masai na rami, ƙazantarsa ba ta shiga kwata, don haka unguwa guda na iya ɓacewa daga lissafi. Ruwan sama kan sirka samfur, ruwan marina ko na majema ko na masana'anta kan kashe ƙwayar ko ya shaƙe PCR, kwatar mayanka kuma kan kawo rotabairos ta shanu a ɗauka ta mutane ce. Don gyara lissafin sirki, wasu ɗakunan gwaji kan auna wata bairos ta barkono da tattasai da ke fita a bahayan kusan kowa, su raba adadin da ita. Abin karantawa shi ne hawa da sauka a wuri ɗaya cikin watanni, ba sakamakon rana ɗaya ba.

17. Riga-kafin rotabairos na shafar sakamako? Kuma ana iya gwada abincin kansa?

Yana shafa. Ɗigon baki ne mai ƙwaya rayayya da aka raunana, jariri kan fitar da ita a bahaya kwanaki ko makonni, musamman bayan ɗigon farko, PCR kuma ya kama ta. Dole a rubuta ranar ɗigo a fom, karanta jerin haruffa ne ke raba ta da ta daji, wato mai yawo tsakanin mutane. Sudan ta fara bayarwa a 2011, Gana a 2012, Kamaru da Nijar a 2014, Najeriya a Agustan 2022, inda ake ɗigawa a mako na 6, 10 da 14 da haihuwa. A Madarunfa ta jihar Maraɗi aka gwada riga-kafin Rotasiil mai jure zafi, sakamakon 2017 ya nuna ya rage zawo mai tsanani na rotabairos da kimanin kashi 67. Wato wanda aka yi wa ma yana iya kamuwa, amma da sauƙi. A ƙasashen da riga-kafin ya kankama, norobairos ce ta hau gaba a yaran da ake kaiwa asibiti, kuma ita ba ta da riga-kafi tukuna.

Abinci ana gwadawa, amma da wahala, domin ƙwayar ba ta hayayyafa a cikinsa, 'yar kaɗan ce kuma a warwatse. Ƙa'idar ISO 15216 ta tanadi giram 25 na ganye ko 'ya'yan itace masu laushi, kuma ko kashi 1 cikin 100 na ƙwayar gwaji aka iya ƙwatowa ana karɓa. A 2012 kusan mutum 11,000 suka kwanta a Jamus, yawancinsu 'yan makaranta, kuma tambayar wa ya ci me ce ta fara nuna daskararren sitiroberi kafin lab ya tabbatar da norobairos a ciki. Rashin samu a abinci ba ya wanke shi.

18. Yaya mai ɗaukar samfur da mai jinya za su kare kansu?

Ƙwayar norobairos ƙasa da ɗari na iya kwantar da mutum, amai kuma kan watsa ta a iska ta sauka nesa. Safar hannu da takunkumi wajen share amai, sannan wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu na daƙiƙa 20, kada a dogara da man shafawa. A fara kwashe ƙazantar da tsumma ko takarda, domin bilic ba ya aiki a kan dattin da ba a kwashe ba.

Ƙarfin da ake so kashi 0.1 ne ga wuraren taɓawa, 0.5 ga inda amai ko zawo ya zuba. A duba jikin kwalba: in bilic ɗin mai kashi 3.5 ne, awo 1 a ruwa awo 34 shi ne 0.1, awo 1 a ruwa awo 6 shi ne 0.5. In mai kashi 5 ne, 1 a 49 da 1 a 9. A bar shi jiƙe aƙalla minti 5, a haɗa sabo kullum, a ajiye a inuwa a rufe, kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Mai girki ko mai rabon abinci da ya kamu ya bar madafa har sai ya yi awa 48 cur ba amai ba zawo.